Daga askin suna zuwa zankon ƴan ƙwallo: tarihin kan yaro a ƙasar Hausa

Duk malamin da ya taɓa buɗe tsofaffin rajistocin lakwal a Maraɗi, Tawa ko Damagaram ya san kalmomin nan biyu na Faransanci da ake rubutawa gaban sunan yaro: né vers. Ma'anarsu ita ce an haife shi wajen shekara kaza, babu rana, babu wata. Ga mai mulki na wancan zamani, yaron da ba shi da takardar haihuwa yaro ne marar shaida. Ga mutanen garinsu kuwa shaidarsa tana bisa jikinsa, kowa yana iya karanta ta. Fuskarsa tana faɗin asalinsa, Bagobiri ne ko Bakatsine, Ba'adare ko Ba'are. Kansa yana faɗin abin da ya rage: ko an yi masa suna, ko an yaye shi, ko uwarsa ta sha binne ƴaƴa kafin shi, ko an ba da shi ga malam. An yi rubuce-rubuce masu yawa bisa tsagar fuska, domin ita tabo ce da mutum ke tafiya da shi har kabari. Aski bai samu wannan gata ba. Suma tana tohowa cikin kwana goma ta shafe abin da aska ta zana, saboda haka masu tarihi suka wuce ta kamar ba ta da labari, alhali duk wani iko da ya ratsa ƙasar nan, na malamai, na Nasara, na likita da na kasuwa, sai da ya miƙa hannu ga kan yaro.

Aski na farko shi ne na ranar suna, kuma shi ne wanda littafi ya fi sani. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, tana cikin littattafan farko da ɗalibin fiƙihu ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. A cikinta an bayyana cewa ana yanka wa jariri tunkiya ko rago ran kwana bakwai, kuma ba a lissafa ranar da aka haife shi a cikin bakwai ɗin. Wannan ƙa'ida ce ta sa wanda aka haifa ran Litinin ake raɗa masa suna ran Litinin mai zuwa, abin da mata ke cewa ranar ta zagayo. Littafin ya ƙara da cewa abin so ne a aske sumar jaririn, a auna ta, a yi sadaka da zinariya ko azurfa daidai nauyinta, ya kuma hana a shafa masa jinin yankan a kai kamar yadda Larabawan jahiliyya suke yi. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo labarin Nana Faɗimatu tana auna sumar ƴaƴanta tana ba da azurfa. Nauyin ba wani abu ba ne: wata ruwaya ta ce na Hasan dirhami ɗaya ne ko wani yanki nasa, dirhami kuwa bai wuce kimanin giram 3 ba. Sadaka ce da aka yi ta daidai ƙarfin talaka.

Iyakar abin da littafi ya ce ke nan. Amma wanda ya halarci suna a ƙauyen Gobir ko na Katsinar Maraɗi ya san cewa bayan an shafa fatiha, an raba goro da dabino, maza sun watse, akwai sauran aiki a cikin gida wanda Risala ba ta ambata ba. Wanzami yakan zauna bisa tabarma, ungozoma ko wata gwaggo ta riƙe jaririn, a kawo ruwa cikin ƙwarya. Ya jiƙa sumar, ya aske ta. Daga nan, a da, ya yi tsagar gidan a kumatu ko a gefen ido, ya buɗe bakin jaririn ya cire beli, wani lokaci ya yi ƴan tsage a ƙirji ko a ciki don magani. Mata suna jefa kuɗi cikin ƙwaryar. Sumar da aka aske ba a barin ta a ƙasa iska ta kwashe. Ana tattara ta a binne, ko a ba uwa ta ɓoye, don tsoron kada ta faɗa hannun mai sammu. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950 aka buga shi a 1954, ta ba da labarin sunaye irin waɗannan tun na ƙarshen ƙarni na 19, kuma wanda ya karanta zai ga bambancinsu da na ƙauyukan Nijar kaɗan ne. A zama ɗaya, da aska ɗaya, ana cika umarnin malam ana kuma cika na kakanni. Malam ya ba yaro suna cikin al'ummar Musulmi, wanzami ya ba shi wuri cikin dangi, kuma ƙarnuka da dama babu wanda ya ga saɓani tsakanin biyun da har zai hana cin naman suna.

Ya kamata a tsaya kaɗan ga mutumin da ke riƙe da askar. Wanzanci sana'ar gado ce, kamar ƙira da fawa da jima. Ɗan wanzami yakan fara da ɗaukar zabira yana bin ubansa, ya koyi wasa aska bisa dutse da fata, ya daɗe yana askin yara kafin a yarda ya taɓa gemun dattijo. Cikin zabirar akwai asake iri-iri da maƙeri ya ƙera, da ƙaho, da almakashi, da hantsaki na cire haƙori, da ƙulle-ƙullen magani. A manyan garuruwa sana'ar tana da shugabanta, Sarkin Aska, wanda sarki ke naɗawa. Abin da ya fi muhimmanci ga tarihin yara shi ne cewa kowane gida yana da wanzaminsa. Ba a sake shi don an ga wani mai araha. Wanda ya yi wa uba kaciya, shi ko ɗansa ne zai yi wa ɗan askin suna. Ladansa ma ba ciniki ba ne na nan take: yana da kasonsa cikin naman ragon suna, yana da damin hatsi da kaka, yana da goron salla. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya nuna a littafinsa na 1986 yadda kyautar biki ke ɗaure mutane da juna fiye da yadda ciniki ke yi, kuma wanzami yana tsakiyar wannan saƙa. Sakamakon haka shi ne akwai mutum ɗaya a gari, wanda ba uwa ba ne ba kuma uba ba, da ke dafa kan yaro yana duba shi a kai a kai tun yana ɗan kwana bakwai har ya yi gemu. Ya san maɗigarsa, ya san ƙurajensa, ya san ranar da sumarsa ta fara sake launi.

Bayan askin suna ba a cika aske kan yaro duka ba. Nan ne gwanintar wanzami take fitowa, nan ne kuma harshen Hausa ya tara kalmomi. Zanko shi ne layin suma da ake bari tun daga goshi har ƙeya, a aske gefe da gefe, kamar na zakara. Tukku curi ne guda da ake bari, galibi a tsakar kai ko wajen ƙeya, wani lokaci a kitse shi. Akwai mai barin curi biyu ko uku, akwai mai zagaye kan da siririn layi kamar bakin ƙwarya. Saisaye shi ne a rage tsawon suma a daidaita ta ba tare da an kai ga fata ba. In an kwashe duka sai a ce ƙwaryar molo, ko tal-kwabo. Wannan ta biyu ma da kanta ta faɗi shekarunta, tunda ba ta iya girme wa kwabon da Ingilishi suka kawo. Ƙamus na Bargery, wanda aka buga a 1934, ya adana da yawa daga cikin irin waɗannan kalmomi, kuma abin takaici ne a ce yau ɗalibin da ya gama lise a Tasawa ya fi sanin sunan askin da Faransanci.

Dalilan barin suma ba ɗaya ba ne. Na farko na kariya ne: maɗigar jariri tana da taushi, ba ta rufewa sai ya kai wajen shekara ɗaya da rabi, tsofaffi kuma suna ganin ƙofa ce da rana da iska ke shiga, don haka a bar mata inuwa. Na biyu, tukku maɗauri ne. A jikinsa ake ɗaura laya ko wuri, inda yaro ba ya iya tsinke su. Na uku ya shafi mutuwa. A ƙasar da uwa kan haifi takwas ta binne huɗu, matar da ƴaƴanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana ce da ita mai wabi, ɗan da ta samu daga baya kuwa ana yi masa dabaru don a ɓatar da abin da ke ɗauke su. A ba shi suna na wulaƙanci ko na roƙo, Ajuji, Ajefas, Barmo. A yi masa tsagar da ba ta gidansu ba. A yi masa aski na daban wanda zai sa ya zama kamar ba kowa ba. Wanda ya ga irin wannan kai a kasuwa ya san labarin uwar ba tare da ya tambaya ba, ya kuma san ba yaron da za a yaba kyansa da ƙarfi ba ne. Akwai kuma yaron da sumarsa ke cuɗewa ta yi gizo, wanda a gidajen masu bori ake cewa ba a taɓa ta da aska sai an nemi izinin masu ita. A wajen manya, tukku ya zama alamar mafarauta, ƴan tauri da ƴan dambe, watau mazan da ke taƙama da asiri.

Hausawa ba su kaɗai ke wannan ba. Ƴaƴan Abzinawa da na Fulani da na Barebari duk an san su da zanko da tukkaye, kowane da salonsa. A Maroko an rubuta yadda ake bar wa yaro curin suma da sunan wani waliyyi. Zane-zanen Masar ta dā suna nuna ƴaƴan sarauta da kitso guda a gefen kai. Masu son kai asalin kowane abu Masar sukan yi murna da wannan, amma sun yi gaggawa. Inda duk ake da zafin rana, da ƙwarƙwata, da aska, da tsoron mutuwar yara, mutane suna iya isa ga dabara ɗaya ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Suka ta farko da zanko ya sha daga malamai ta fito. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana abin da ake kira ƙaza'u, watau a aske wani sashe na kan yaro a bar wani. Malaman fiƙihu sun ɗauki hanin a matsayin karhanci, ba su kai shi ga haramci ba, wannan sassauci kuwa shi ya ba al'adar wurin shaƙatawa na tsawon lokaci. Malamin gari yana iya ƙyamar tukku, ya aske na ƴaƴansa, amma ba ya ƙin yi wa ɗan maƙwabci addu'a saboda shi. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya fara a 1804, ya ƙarfafa masu son a rarrabe sunna da al'ada. Sai dai tarihin kudancin Nijar ya bi wata hanya. Sarakunan Katsina da aka kora sun kafu a Maraɗi wajen 1819 ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Damagaram kuma tana kallon Barno. Waɗannan ƙasashe Musulmi ne ke sarautarsu, amma sun zauna da Azna da bori da sarautar Iya da Inna ba tare da sun nemi kawar da su ba. Ba abin mamaki ba ne in tsofaffin siffofin aski sun daɗe a nan.

Inda aka fara ganin kan yaro fes babu ko curi shi ne makarantar allo. Kolo da aka kawo wa malam, abu na farko da ake yi masa shi ne a kwashe sumar duka, tare da abin da uwarsa ta ɗaura a ciki. Akwai hujjar hadisi, akwai kuma hujjar zama: yara talatin da ke kwana a zaure ɗaya, in ɗaya ya kawo ƙwarƙwata kowa ya samu. Almajirai su ne ke yi wa juna aski, babu wanzamin gida, babu ƙwaryar kuɗi. Kai mai ƙwaryar molo ya zama shaidar cewa yaron ya fita hannun mata ya shiga hannun malam.

Lakwal ta zo ta yi daidai abin da makarantar allo ta yi, da wata hujja. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka mai da ita babban birnin yankin daga 1911 har 1926 lokacin da aka koma Yamai, kuma a cikin waɗannan shekaru ne makarantunsu na farko suka fara tara ƴaƴan sarakuna da na bayinsu, sau da yawa da tilas. Tsabta tana cikin darussan da aka fi matsa wa. Da safe a jera yara a duba farce, da haƙora, da kai. Zanko da tukku, da man shanun da ake shafa musu, da layun da ke rataye, duk an haɗa su a ma'auni ɗaya da ƙazanta. Mushe, wanda sau da yawa baƙo ne daga Dahome ko Senegal ko Sudan ta Faransa, ba ya karanta abin da aka rubuta a kan. Abin da ya gani shi ne wurin ɓuyar ƙwarƙwata. Malam da mushe ba su taɓa zama sun yi shawara ba, hasali ma kowane yana ganin ɗayan abokin hamayya ne, amma a kan wannan batu bakinsu ya zo ɗaya. Yaron da ya je ɗaya daga cikin makarantun biyu ya komo gari da kai fes, ya zama shi ne wayayye, mai zanko ya zama baƙauye. Kunya ta ƙarasa abin da wa'azi da bulala suka fara.

Kayan aiki ma sun taimaka. Rezar da kamfanin Gillette ya fara sayarwa a 1903 ta bi hanyar kantuna har ta iso kasuwannin ƙauye, inda kowace uwa take iya sayen guda ta aske ɗanta da kanta. Injin aski na hannu ya shigo ta barikin soja da makarantun kwana. Na lantarki, wanda Ba'amurke Leo Wahl ya samu takardar mallakarsa a 1921, sai da ya jira wuta ta wadata a birane. Kowane ɗaya daga cikinsu ya rage wa wanzami wani yanki na aikinsa.

Labarin ƴan mata ya bambanta, domin su ba a raba su da sumarsu ba. Da ƙuruciya ana yi musu aski da zanko kamar maza. In yarinya ta tasa sai a bar sumar ta taru, a miƙa ta ga makitsiya. Daga nan kanta ya shiga wani tsari mai ranaku: tsifa da tsinke, wanki da karkashi ko yoɗo mai yauƙi wanda ke warware suma, a shafa man shanu ko man kaɗe, a taje, sa'an nan a kwanta bisa cinyar makitsiya rabin yini. A wannan kwanciya yarinya take koyon haƙuri da zafi, take kuma jin maganganun mata waɗanda ba a faɗi gaban maza. Makitsiya ita ce wanzamin ƴan mata ta wannan fuska: ita ke fara ganin ƙwai na ƙwarƙwata, ita ke ganin amosani, ita ke gaya wa uwa. Wanda ya ƙirƙiro karin maganar kitso da ƙwarƙwata ya san aikin sarai, domin makitsiyar kirki ba ta rufe ɓarna a ƙarƙashin ado. Sunayen kitson kansu taswirar fatauci ce. Doka tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Shuku daga Yarabawa ya zo da sunansa. Kalaba tana ɗauke da sunan garin Kalaba na bakin teku. Daga baya gashin roba da ake kira meshi ya shigo, da man miƙar da suma. Na farko, in an ja shi da ƙarfi bisa kan ƙaramar yarinya, yana cinye gashin gaban goshi, wani lokaci har abada. Na biyu sinadari ne mai ƙuna, wasu irinsa da soda ake yin su, kuma wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2022 ya sami alaƙa tsakanin yawan amfani da shi da ciwon dajin mahaifa. Ana shafa wa ƴar shekara biyar shi ran jajibirin salla. Tun daga shekarun 1990 hijabi ya rufe kan ƴan mata tun suna ƙanana, wanda ya sa kitso ya bar idon jama'a ya koma cikin gida; abin da ke ƙarƙashin mayafin, kyakkyawa ne ko miki, mushe ba ya gani.

Ba daidai ba ne a mai da wanzami waliyyi don an yi kewarsa. Askar da ta aske kai goma a safiya ɗaya ba tare da an dafa ta ba ta ɗauki cuta daga wani zuwa wani, tun kafin a san sunan cutar. Da aka tabbatar da Sida a Nijar a 1987, masu faɗakarwa suka sa aska da reza cikin abubuwan da ake gargaɗi a kansu, ciwon hanta ma ta nan yake bi, kuma ya fi Sida saurin kamawa. Cire beli ya jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta ga jarirai masu yawa. Wani bincike da aka buga a 1994 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin biyar a Yamai an cire masa kafin ya cika shekara 5. Abin da wasu wanzamai ke yanka wa jarirai mata da sunan cire angurya ya shiga cikin abin da dokar 2003 ta haramta. Tsagar fuska ta ja baya ƙwarai, kuma ƴan kaɗan ne ke kukan rashinta. Wanzami ba ya son jarfa, in ji Hausawa, kuma gaskiya ne da yawansu ba su ji daɗin wannan bincike da aka yi wa sana'arsu ba. Amma likita ya yi gaskiya a nan.

Sai dai shagon aski da ya gaje shi bai fi shi tsabta ba kamar yadda ake zato. Makero, wanda ke cin kan yara ya bar farin tabo mai zagaye, naman gwari ne, kuma bakin injin da ba a tsabtace ba yana cikin manyan hanyoyin yaɗuwarsa. Goga masa ɗan fetur ko a ratsa shi da wutar ashana ba ya wadatarwa. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, domin yana cikin tushen gashi. Sai an sha magani na makonni. Mai shago yana aske yaro cikin minti biyar, bai san sunansa ba, bai san gidansu ba, ba zai ce da kowa kome ba. Haka kuma babu wanda aikinsa ne ya lura in suma ta fara ja, ta yi laushi, tana tsigewa da an taɓa. Wannan alama ce ta tamowa, wadda likita Cicely Williams ta bayyana a ƙasar Gana ta yanzu cikin shekarun 1930. A yunwar 2005 ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma da yawa an kawo su ne bayan aski ya riga ya zo gaban goshi. Kawunansu sun daɗe suna faɗin abin da ke faruwa.

A cikin wannan hali ne zanko ya komo, ta ƙofar da ba a zata ba. Samarin birni na shekarun 1970 sun tara suma irin ta mawaƙan baƙar fatar Amurka, iyaye suka yi ta faɗa. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 ta kuma bazu a Maraɗi cikin shekarun 1980, ta sake ɗaga hadisin ƙaza'u da ƙarfi, tare da sukar almubazzarancin bikin suna. Sa'an nan talabijin ya kawo ƙwallo cikin kowace unguwa. A gasar cin kofin duniya ta 2002 Ronaldo na Barazil ya fito da kai a aske sai ɗan curi a gaban goshi, wanda duk wata tsohuwa a Adar za ta gane shi da ganin farko. A gasar Turai ta 2012 Mario Balotelli na Italiya, wanda iyayensa ƴan Gana ne, ya fito da layin suma daga goshi zuwa ƙeya. Kafin shekara ta zagayo yaran Zongo da na Birni a Damagaram suna neman askin Balotelli, ba wanda ya ce musu sunansa zanko, kuma kakansu ya yi yawo da shi.

Abin da ya biyo baya malamai sun fi kowa saninsa, tunda a farfajiyarsu ake yin sa. Ran Litinin da safe mai kula da horo yana tsaye bakin ƙofa da almakashi, ya kama mai zanko ya yanke masa hanya a tsakar kai don dole ya je ya kwashe sauran, ana yi masa dariya. Hujjar da ake bayarwa ita ce wannan askin Nasara ne, ba al'adarmu ba ce. Mai hana shi don hadisi yana da madogara da za a iya tattaunawa. Mai hana shi don dokar makaranta ta ce kowa ya zo da kai iri ɗaya, shi ma yana da tasa. Amma mai hana shi da sunan al'adar Hausa ya yi kuskuren tarihi, domin kai fes ɗin da yake karewa shi ne baƙon, wanda makarantar allo da lakwal suka shigo da shi, zankon kuwa ɗan gida ne. Abin da ya ɓace daga zankon yau shi ne abin da yake faɗi. Na dā uwa ce ta zaɓe shi, wanzamin da ya san gidan ya zana shi, gari kuma ya karanta shi. Na yau yaro ne ya nuna hoto a bangon shago ko a wayar salula.

Askin kwana bakwai shi kaɗai ya tsallake duk waɗannan sauye-sauye. Ko a Yamai, a gidan ma'aikacin da aka haifi ɗansa a asibiti aka kuma yi masa takardar haihuwa cikin mako, ana aika wa wanzami ran suna. Yana zuwa bisa babur, zabirar tana nan, amma askar maƙeri ta zauna a cikinta. Uban jariri ne ke sayen sabuwar reza, a ɓare takardarta gaban mutane, a yi askin, a jefa ta cikin masai. A gidaje da yawa ana gaya masa tun daga zaure cewa aski kawai ake so, ban da beli, ban da tsaga. Yakan karɓi kuɗinsa da kason namansa ya tafi, kuma sau da yawa ba ya sake ganin yaron sai ranar kaciya, in ba a kai shi likita ba.